Abin da Ya Saura na Auta

Kafinta: Salamu alaikum. Yaya? Yaya, kina ji na?

Yaya: Wa alaikumus salam. Ina ji, amma kamar daga cikin rijiya kake magana. Baban 'yan biyu ne?

Kafinta: Ni ne. Bari in matsa kusa da taga. Yanzu fa?

Yaya: Da dama-dama.

Kafinta: Ina wuni, Yaya.

Yaya: Lafiya lau. Ya gajiya?

Kafinta: Babu gajiya. Ya gida, ya maigidan? Ya gwiwar taki?

Yaya: Gwiwa tana nan inda ka bar ta. Ya ƙarin haƙuri?

Kafinta: Mun gode Allah. Ya namu haƙurin gaba ɗaya?

Yaya: Sai godiya. Ina 'ya'yana?

Kafinta: Suna makaranta. Babbar haƙorinta na gaba ya fita, yanzu in za ta ce sannu sai iska ta riga maganar fitowa. Ƙaramar kuma ta kafe, ba ta barci sai da ɗankwalin uwarta.

Yaya: Ka bar ta da shi. Kar ka wanke.

Kafinta: Ban wanke ba.

Yaya: Wa ke gyara musu kai?

Kafinta: Matar maƙwabcinmu. Na gwada da kaina, suka ce in koma wa katakona.

Yaya: Sun yi gaskiya. To, madalla. Ka gaishe min da su.

Kafinta: Yaya, kar ki kashe tukuna.

Yaya: Ban ce zan kashe ba. Wai ina kake ne ma? Duk kiran da ka taɓa yi min, zarto na kuka a bayanka. Yau shiru, sai takun mutane.

Kafinta: Ina asibiti.

Yaya: Wace ce a cikinsu? Ka ce min suna makaranta.

Kafinta: Lafiyarsu ƙalau, wallahi. Asibitin da muka yi jinyar Auta nake. A bene na sama, inda suke gwaje-gwaje.

Yaya: Me ya rage maka a wurin? Wadda ka kai musu ai sun gama da ita.

Kafinta: Likitarta ce ta neme ni. Doguwar nan mai gilashi, wadda kika yi wa faɗa ranar da kika zo dubiya.

Yaya: Ban yi mata faɗa ba. Tambaya na yi.

Kafinta: To, wadda kika yi wa tambaya har masu gadi suka leƙo.

Yaya: Ina jin ka.

Kafinta: Kin tuna yadda kansar ta fara, da baƙin tabon nan a tafin ƙafa, daga baya ƙullutu ya fito mata a cinya. Kafin su fara ɗura mata maganin, sun yanki ɗan guntu daga ƙullutun don su duba. Da aka yi nisa ana ɗurawa abin bai daina girma ba, suka sake yankar wani. Ni na ɗauka in sun gama dubawa zubarwa suke yi. Ashe ajiyewa ake yi. Suna zuba shi cikin kaki, irin na kyandir, ya daskare, su jera a durowa.

Yaya: Dakata. Kana nufin akwai naman Auta a saman ƙasa?

Kafinta: Ko girman ƙwayar wake bai kai ba.

Yaya: Ban tambaye ka girmansa ba.

Kafinta: Akwai, Yaya. Na riƙe shi a tafin hannuna ɗazu.

Yaya: Me suke so da shi?

Kafinta: Izini suke nema. Suna tattara irinsa daga mutanen da maganin bai yi wa aiki ba, su bincika su gano dalili. Ta ce ba dole. In na ƙi, ba wanda zai taɓa shi, in kuma muna so a ba mu abinmu, akwai hanyar nema.

Yaya: Ka nemo. Ka karɓo ka ajiye, in zo a haƙa a sa shi kusa da ita. Wancan karon ina kan hanya kuka kai ta. Na iso na tarar da tabarmi da mutane, kowa na ce min haƙuri. Yarinyar da na goya, ko fuskarta ban gani ba. Wannan karon da ni za a yi.

Kafinta: In haka kika ce, haka za a yi. Shi ya sa na ajiye musu bironsu na fito na kira ki. Ke kika raine ta, ni aro aka ba ni. Amma ki bar ni in gaya miki abin da na gani, don in ban gaya wa wani ba, ban san yadda zan tuƙa kaina gida ba.

Yaya: Me za su nuna maka da zai shiga kaina? Malamar makarantar nan da ke zama a kujerar kusa da ita, ba ciwo ɗaya ba ne? Ba magani ɗaya ba ne, ma'aikaciya ɗaya ke sa musu? Ita ta miƙe ta koma aji, tawa tana ƙasa. Ni dai har gobe ina cewa ruwa suka ɗura wa tawa.

Kafinta: Kin ga wannan maganar? Ni ma na daɗe ina kwana da ita, ban dai faɗa ba ne. Yau na cire kunya na jefa wa likitar ita yadda kika faɗe ta.

Yaya: Ta ji haushi?

Kafinta: Ko kaɗan. Ta ce maganar malamar ba za ta yi da ni ba, ciwon wani amana ne. Amma na matata, in zuciyata za ta ɗauka, in biyo ta in gani. Ta kai ni wani ɗaki mai sanyi, yana wari kamar shagon fenti. Akwai wata mata zaune gaban inji tana juya hannunsa, yana fere kakin. Yaya, shekaruna nawa ina fere katako, ban taɓa ganin kaifi irin wannan ba. Abin da ke fitowa ya fi ɓawon albasa siranta, numfashi kawai zai ɗauke shi. Sai ta ɗora a kan ruwa ya miƙe, ta tsamo da ɗan gilashi, a sa masa rini. Na tsaya ina kallon wuƙar har likitar ta ce, malam, ba inji ka zo saye ba.

Yaya: Kai da inji. Ko a gadon asibiti kake sai ka duba ƙusoshinsa.

Kafinta: Sai ta zaunar da ni gaban madubin likita, wannan mai ido biyu. Na rufe ido ɗaya, yadda nake yi in zan duba ko katako ya miƙe. Ta ce in buɗe duka. Da farko hazo kawai nake gani da gashin idona. Ta juya wani abu a gefe, sai... Yaya, kina nan?

Yaya: Ina nan. Sai me?

Kafinta: Sai ga gari. Wallahi gari guda, da unguwanni, da lunguna, da hanyoyi. A cikin abin da bai kai wake ba. A tsakiya akwai wasu manya-manya sun cunkushe, kowanne da tasa karkatar, kamar ginin da aka yi ba ma'auni. Ta ce su ne kansar. A gefe kuma wasu 'yan ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa, ɗaya nan ɗaya can. Ta ce sojojin jikin Auta ne.

Yaya: Sojoji kuma.

Kafinta: Haka ta kira min su don in gane. Ta ce kowa yana da su, aikinsu su zaga jiki, duk abin da ya lalace su kashe. Amma Allah ya yi su da birki, don kar su haukace su afka wa mai jikin. Ita kansar wayonta shi ne ta gano inda birkin yake, ta sa ƙafa ta danne. Maganin da aka yi ta ɗura wa Auta ba kansar yake kashewa da kansa ba. Ƙafar yake ɗagewa daga kan birkin.

Yaya: To ya ɗage?

Kafinta: Shi ne ta cire gilashin farko, ta sa na biyu, wanda aka yanka bayan an yi nisa da maganin. Yaya, kin san yadda tururuwa ke yi in sukari ya zube? Haka suka yi. 'Yan ɗigon nan da na ƙirga da yatsa a na farko, a na biyu ba su ƙirguwa. Sun zo. Daga ko'ina sun zo, sun yi wa abin zobe, wani kan wani.

Yaya: Kenan ba ruwa ba ne.

Kafinta: Ba ruwa ba ne. Ya tashe su, kuma sun amsa. Duk lokacin nan da muke ganin ta kwance tana kallon silin, muna cewa ta gaji, ashe wannan ake yi a ciki.

Yaya: To me ya hana su shiga? In sun kai bakin ƙofa, me suka tsaya yi?

Kafinta: Abin da na tambaya ke nan. Ta ce in duba tsakaninsu da kansar. Akwai wasu da aka rina ja, sun fi sojojin girma, suna da hannaye kamar reshe, sun miƙa su ta ko'ina. Sunansu makro... jira, layin yana ƙara.

Yaya: Makara?

Kafinta: A'a, subhanallahi, ba makara ba. Makrofej. Ni ma sai da ta maimaita min. Wai ma'anarsa babban maci.

Yaya: To su kuma baƙi ne? Kansar ce ta haife su?

Kafinta: Nan ne abin ya kama ni. Ba baƙi ba ne, na Auta ne, da su aka haife ta. Su ne masu sharar jiki. Ƙwayar cuta ta shigo, su haɗiye. Wani abu ya mutu a ciki, su kwashe. In kika yanke da wuƙa, suna cikin masu zuwa, a yi faɗa da dattin da ya shiga. In an gama, su ne kuma ke juyowa su ce wa sojoji, ya isa haka, ku sauke, yanzu lokacin gyara ne. Su sa a ja hanyoyin jini zuwa wurin, abinci ya iso, nama ya tsiro, ciwo ya rufe.

Yaya: Ikon Allah. Duk a cikin yankan wuƙa?

Kafinta: Duk a ciki. To ita kansar sai ta riƙa yin kukan ciwo. Ta ce min kamar ciwo ne da ba ya warkewa, kullum yana kira. Su kuma in sun ji kukan nan ba sa iya wucewa. Sai su zo jinya. Su ja mata jini, su ciyar da ita, su tsaya a ƙofa. Sojojin da magani ya tasa su iso da zafinsu, su tarar da waɗannan sun tare hanya, suna riƙe su, suna lallashi, suna cewa mara lafiya ne a ciki, ba a duka. Ta ce a jikin ɓerayen gwaji har an ga suna cire maganin daga jikin sojan, kamar a zare wa mutum sanda daga hannu.

Yaya: Hmm.

Kafinta: Yaya? Ya yanke ne?

Yaya: Bai yanke ba. Ɓarawon shagonka.

Kafinta: Wallahi shi na tuna. Ina kan kujerar nan shi ya faɗo min.

Yaya: Lokacin Auta tana da cikin 'yan biyu, ko tsugunne ba ta iyawa.

Kafinta: Na tafi sayo katako da rana tsaka, ya haura ta baya, kwano ya tsarge masa ƙafa. Na dawo na tarar da mutanen layi cike da ƙofar shago, kowa da abin da ya samu, har mai wanki da dutsen guga. Ita kuma ta tsaya a bakin ƙofa da cikin nan nata ya cika ƙofar, roba da ruwan gishiri a hannu, tana cewa ba mai shiga sai jinin ya tsaya.

Yaya: Ta kira ni tana ba ni labari tana jin daɗi, wai har abinci ya ci. Na ce Auta, ke wace irin halitta ce? Ta ce Yaya, da kin ga ƙafar.

Kafinta: Ƙafar ta warke sarai. Da ita ya dawo ya ɗauke min injin yashi.

Yaya: Kai, kar ka sa ni dariya, ƙirjina ba daɗi.

Kafinta: Ni ma dariyar na yi a gaban likitar, ta ɗauka wani abu ya same ni.

Yaya: Amma tsaya. Me kake so ka ce min? Halinta ne ya kashe ta? Kirkinta ne ya ja mata?

Kafinta: A'a. Na tambaya, don ni ma zuciyata ta je can. Ta ce kar in kuskura in tafi da wannan. Kowa yana da su, mai tausayi da mara imani, kuma kansar kowa tana iya yaudararsu. Babu ruwansu da hali. Ta kuma ce ba za ta rantse min cewa su kaɗai ne dalili ba. A jikin Auta sun yi yawa a wurin, wannan ta gani da idonta, amma akwai wasu dalilan da har yanzu ba a gane ba. Ta ce in wani ya ce min ya san duka, ƙarya yake.

Yaya: Ta dai iya magana, na ba ta wannan.

Kafinta: Sai ta tambaye ni ko an taɓa yi wa Auta aiki. Na ce da aiki aka ciro 'yan biyu. Ta ce to da irin waɗannan jajayen wancan yankan ya rufe. Na shigo ɗakin ina neman wanda zan tsana, an nuna min su, kuma su ne suka dawo min da ita gida da yara biyu a hannu. Ina zan kai wannan?

Yaya: Ba inda za ka kai shi.

Kafinta: Duk shekarun nan ina kwana kusa da matar nan, na san tarinta, na san takunta, ban san tana ɗauke da jama'a haka ba. Ba hutu, ba barci, ba wanda ya taɓa ce musu sannu. Ta ce yanzu haka suna cikina. Suna cikin gwiwar nan taki.

Yaya: To a gaya musu gwiwar ba su gama ba.

Kafinta: Ta fita ta bar ni ni kaɗai da madubin. Kin san ranar jana'iza ban yi kuka ba, har aka yi ta magana.

Yaya: Na ji. Ni ma na yi maganar.

Kafinta: Na sani. Yau kam sai da matar injin ta kawo tsumma ta goge musu gilashin. Na ji bakina yana cewa sannunku, sannunku da ƙoƙari. Ban san da wa nake ba, masu ruwan ƙasan ko jajayen.

Yaya: Yanzu su masu binciken, kashe jajayen za su yi?

Kafinta: Ta ce in aka kashe su duka, wa zai rufe ciwo? Akwai masu neman hanyar rage su a wurin kansar. Su kuma nan abin da suka fi so shi ne su gano yadda za a fahimtar da su cewa wannan ba ciwo ba ne, ɓarawo ne. In suka gane, da kansu za su juya su kama shi, su buɗe wa sojoji ƙofa. Shi ya sa suke son su ga na mutane da yawa, su gane da wace murya kansar ke kiransu.

Yaya: Auta za a koya wa ta ga mai ciwo ta wuce? Allah ya ba su sa'a. Ni na yi shekaru ina gwadawa.

Kafinta: Ba ta yi min alkawarin komai ba. Ta ce yana iya ɗaukar shekaru, yana iya zama ba a samu komai a nata ba. Kuma ba sunanta za su sa ba, lamba ce.

Yaya: Za su cinye shi duka?

Kafinta: Fere kaɗan za su yi, sauran yana nan a durowa. Amma in muka karɓa muka binne, shi ke nan, an rufe. Ni dai na gaya miki abin da na gani. Abin da kika ce shi zan je in faɗa mata, tana ofis tana jira na.

Yaya: Kai me kake so?

Kafinta: Ni? Ina tunanin wata mata da za ta zauna a kujerar nan wata rana, da yara a gida. Kuma ina tunanin in da za a tambayi mai naman.

Yaya: Kar ma a tambaye ta. Cewa za ta yi a haɗa da ɗaya cinyar.

Kafinta: Haka za ta ce.

Yaya: Masu jinyar nan, ja ka ce an rina su?

Kafinta: Ja.

Yaya: Ita da ko ɗankwali ja ba ta ɗaurawa, wai yana sa ta yi kama da barkono. Madubin nan, miji kawai ake bari ya duba?

Kafinta: Zan tambaya.

Yaya: Ba tambaya na aike ka ba. Ka gaya mata matar nan mai tambaya za ta dawo. Dole sai da ido biyu? Na hagun nan nawa ya yi hazo.

Kafinta: Ɗaya ma ya isa. Zan nuna miki yadda muke yi a shago.

Yaya: To saurara. Ka bar musu. Amma hannunka kar ya taɓa biron nan sai na zo. Ban ga fuskarta ba, wannan kam sai na gani kafin kowa ya ƙara fere shi. Akwai abin da zan faɗa wa masu tsaron ƙofar nan.

Kafinta: Faɗa za ki yi musu?

Yaya: Ba ruwanka, tsakanina da ƙanwata ne. Motar safe zan biyo. Ka ce wa yaran su matsa min a gado, kuma kar kowa ya taɓa kansu, ni zan gyara. Ina na ajiye gilashin nan nawa ma? Bari in duba cikin jaka.

Kafinta: Yaya, na gode. Allah ya saka... Yaya? Yaya?